Kama da Wane Ba Wane Ba: Kalmomin Kimiyya da Rayukan Jama'ar Zamfara

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. A fagen kimiyya kuwa abin ya wuce nan, domin kowace kalma iyaka ce da masana suka shata tsakanin wani abu da mai kama da shi. Idan mai fassara ya ɗauko kalmar Ingilishi mai ƙunƙuntar ma'ana ya mayar da ita da kalmar Hausa mai faɗi, to ya share wannan iyaka ke nan, kuma sau da yawa ba shi ne zai ɗanɗana kuɗarsa ba, sai uwar da ke sauraron rediyo a Rawayya ko Tsafe ko Bunguɗu, wadda da abin da ta ji ne za ta yanke shawara kan lafiyar ɗanta.

Bari mu fara da abin da ya auku a 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kira abin "gubar dalma", kuma fassarar ba ta yi laifi ba. Sai dai a bakin Bahaushe dalma ƙarfe ne mai taushi da ake gani da ido, ana narka shi, kuma kalmar kan haɗa har da ƙarfen da ake samu daga kuza, wanda Turawa suka ba shi suna daban. Shi kuwa masanin kimiyya idan ya ce "lead", yana nufin wani sinadari guda tilo, ko yana cikin ƙarfe, ko yana ɓoye cikin dutse, ko ya zama ƙurar da yaro ke kai wa baki. Ta yaya magidancin da bai ga wata dalma a tsakar gidansa ba zai yarda cewa ita ce ke kashe masa 'ya'ya?

Daɗin daɗawa, akwai batun kwalli ko tozali. An saba fassara shi da "antimony", alhali mafi yawan lokaci dutsen da ake niƙawa shi ne wanda masana ke kira "galena", wato haɗin dalma da farar wuta. A 2011 an sami wani jariri a birnin Boston na Amurka da gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da aka kai masa daga Nijeriya sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Ke nan sunan da muka laƙaba wa abin ya lulluɓe mana haɗarin da ke cikinsa.

Misali na biyu shi ne sanƙarau. A wurinmu cuta ɗaya ce mai suna ɗaya, amma a wurin likitoci ƙwayar da ke haddasa annobarta rukuni-rukuni ce. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Arewa a 2011 ta rukunin A ce kaɗai. Da annoba ta ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017, sai ga shi rukunin C ne, ta kuma hallaka sama da mutum 1,000 a faɗin ƙasa. Mutumin da aka gaya masa a taƙaice cewa an yi wa ɗansa "allurar sanƙarau", sannan ya ga yaron ya kamu, me zai hana shi yanke ƙauna daga rigakafi baki ɗaya? Sai a 2024 ne Nijeriya ta fara amfani da allurar da ta haɗa rukuni biyar. Haka nan "ƙwayar cuta" ta haɗiye bairas da bakteriya, shi ya sa mai mura ke sayen kafso a kyamis, bai san cewa maganin bakteriya ba ya taɓa bairas ba.

Wasu 'yan boko kan ce laifin Hausa ne, wai ba ta da zurfin da za ta ɗauki kimiyya. Wannan magana ba ta da tushe. Harshen da ya bambanta gero da maiwa, ya raba dawa zuwa kaura da farfara, ya ba dawaki sunaye irin su akawal da hurde da danda gwargwadon launinsu, ba za a ce bai iya rarrabewa ba. Ita kanta Ingilishi arowa ta yi: bairas a Latin dafi yake nufi, bakteriya kuma daga kalmar Girkanci ce mai nufin ɗan sanda. Masana ne suka zauna suka ƙayyade musu sabuwar ma'ana, makarantu kuma suka yaɗa ta.

Ba a ce ba a taɓa yin ƙoƙari ba. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, an wallafa Hausa Metalanguage a 1990, Jami'ar Bayero ta fito da Ƙamusun Hausa a 2006. Amma ƙamus yana rubuta abin da jama'a ke faɗa ne, ba shi ke zaunar da likita da ɗan jarida da malamin harshe a tabarma ɗaya ba.

Saboda haka nake kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da Ma'aikatar Lafiya ta jiha da gidajen rediyonmu da su kafa zama na dindindin, su fara da kalmomin lafiya da noma da ma'adinai. Inda Hausa ke da kalma a ƙayyade mata iyaka, inda babu a aro a daidaita ta da harshenmu, sannan kowace sanarwa ta zo da jimla guda mai bayyana abin da kalmar ta ƙunsa da abin da ba ta ƙunsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ya fi muni idan mutum yana zaton ya gane. Allah Ya sa mu dace.