Kada mu kori ruwan sama daga gidajenmu

Kowace damana abu ɗaya muke gani a garuruwanmu. Ruwa ya sauka, kowane gida ya buɗe wuriya ya tura nasa waje. Ruwan gidaje da yawa ya haɗu a hanya guda ya zama ƙorama. Ya ci hanya, ya ci gindin katanga, ya faɗa gidan wanda yake zaune a gangare. Washegari sai a yi ta ganin laifin magajin gari, ana cewa bai gina magudana ba, bai sa an kwashe shara ba. Hukuma tana da nata laifi, ba mu musa ba. Amma mafi yawan ruwan da yake bin unguwa daga rufin ɗakunanmu da tsakar gidajenmu ya fito.

Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a ƙasar Nijar, ta shafi mutum sama da miliyan 1. A Damagaram, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa wanda ya haura shekara 150, ya rushe a farkon watan Satumba. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin mai gida ɗaya. To amma ba kullum ake yin irinsa ba. Ruwan yau da gobe shi ne yake cin hanya da katanga a hankali, kuma shi muna iya tare shi. Ra'ayinmu shi ne, ruwan da ya sauka a gidan mutum, ya fara ba ƙasar gidansa ta sha. Abin da ya saura shi ne rabon hanya.

Bari mu yi lissafi, tun da yanzu mun iya. Ɗauki ɗaki mai rufin kwano, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4. A ninka 5 da 4, an samu 20. In rediyo ta ce an yi ruwa milimita 30 a garinku, a ninka 20 da 30. An samu 600. Wato lita 600 ta zubo daga wannan rufi kaɗai, cikin duro uku mai lita 200 ke nan. A wurin da ake samun milimita 500 a shekara, kamar wajen Maraɗi, rufin nan yana zubar da lita 10.000. Wannan ruwa muke kora da tsintsiya da shebur a watan Agusta, in rani ya yi kuma mu tsaya layi a famfo da kuɗinmu a hannu.

Abin mamaki, dabarar tare ruwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Manoman Illela, cikin jihar Tawa, sun daɗe suna haƙa tassa a kan faƙo, suna zuba taki, ruwa ya kwanta a ciki, hatsi ya fito inda a da ko ciyawa ba ta tsira. Haka rabin wata da jerin duwatsu suke aiki a gonaki: su rage gudun ruwa har ƙasa ta samu lokacin sha. Manomin da ya san wannan a daji, me ya sa in ya koma gida yake mantawa?

Ga yadda aikin yake a gida. A dubi inda ruwan indararo yake bi. A jera duwatsu ko tsakuwa a inda yake faɗowa, don kada ya haƙe ƙasa. Daga nan a ja ƴar hanya zuwa wani kwarmi mai faɗi, mita 2 a kowane gefe, zurfinsa taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20. Irin wannan kwarmi yana ɗaukar lita 800. Kada a zurfafa shi, saboda ƙananan yara. A sassauta ƙasar ciki da hauya, a gauraya ta da taki, a rufe da kara ko busasshen ganye. A bakinsa a dasa gamba ko jema, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa, gamba kuma ga zana. Kusa da shi a sa zogale, ko lemu, ko gwaba, a shuka yakuwa da kuɓewa. Uwargida ta samu ganyen miya ba tare da ta je kasuwa ba.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Kwarmin ya nisanci katanga da ɗaki da aƙalla mita 3, kuma a tayar da ƙasa a gindin gini yadda ruwa zai gangara ya bar shi, domin ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Na biyu, ya nisanci salanga da rijiya, kada ruwa ya kwashi ƙazanta ya kai inda ake sha.

Wani zai ce wannan ai gidan sauro ne. Tambaya ce mai kyau, don masassarar cizon sauro a damana take kwantar da yaranmu. Sauro yana bukatar ruwan da ya kwanta wajen mako guda kafin ƙwansa ya zama sauro mai tashi. Ruwan da ƙasa ta shanye cikin kwana ɗaya ko biyu ba ya isarsa. Inda yake hayayyafa shi ne kududdufin bakin hanya, da magudanar da leda ta toshe, da duron da aka bari buɗe. Saboda haka wanda ya tari ruwa a duro ya rufe shi, ya bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye daga rufi, kuma kada a sha sai an tafasa.

Ba kowace ƙasa ce take shan ruwa ba. Kafin a fara aiki, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa da safe. In an wayi gari akwai sauran ruwa a ciki, ƙasar laka ce, ko akwai dutse a ƙarƙashi, ko ruwan ƙasa yana kusa. A irin wannan wuri kada a yi kwarmi, a tsaya ga duro. Wanda kuma ya yi gini a kan hanyar ruwa ko cikin fadama, babu kwarmin da zai cece shi.

Saura maganar siminti. Yanzu da mutum ya samu ƴan kuɗi sai ya shafe tsakar gida duka, wai tsabta. Siminti ba ya shan ko ɗigo, duk abin da ya sauka a kansa maƙwabci yake nufa, ga zafin da yake riƙewa har dare a watan Afrilu. A shafe wurin girki da wurin wanka da hanyar shiga ɗaki, sauran a bar shi yashi ko tsakuwa. Ya kamata masu unguwa da limamai su riƙa faɗin wannan tun da rani, lokacin da ake gyaran gidaje, kafin magina su kwaɓa siminti.