Kowa Maharbi, To Wa Zai Riƙe Garkuwa?

Mu ne 'yan aji biyun nan da kuke gani ƙarƙashin dogon yaro in an fita tara, da littafin rubutu da tsohuwar hula cike da marafan kwalba. Da yawa kun tambaye mu abin da muke yi. Wasu ma sun ce caca ce. Malamanmu, don Allah ku zo ku duba, ko kwabo ba a sawa.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. A Amurka aka fara fitar da shi a 1974, mutum biyu ne suka ƙirƙira shi, Gary Gygax da Dave Arneson. Ba a buƙatar waya ko kwamfuta. Mutum ɗaya ne jagora, shi yake ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma kowa yana da jarumi ɗaya da ya rubuta a takarda. In jaruminka zai yi abu mai wuya, sai a jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ya dace. Mu ba mu da irin wannan dayis ɗin, shi ya sa muka rubuta 1 zuwa 20 a marafan kwalba muka zuba a hula. Dokokin farko kyauta suke a intanet, yayan ɗaya daga cikinmu ne ya buga mana su a shagon fotokwafi. Mun cire matsafa da bokaye, mun bar mayaƙi, maharbi, mai magani da mai bin sawu.

Abin da ya sa muka yi wannan rubutu shi ne wani abu da ya kusa kashe mana wasan. Ranar da za mu fara sabon labari, mu biyar ne ban da jagora. Kowa ya tafi gida ya rubuto jaruminsa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Da muka buɗe takardu, huɗu daga cikinmu duk maharba ne! Dalilin a fili yake. Maharbi yana tsayawa nesa, ya harba, ya ji daɗi, ba wanda ya taɓa shi. Na biyar ɗinmu, wanda ya fi mu ƙanƙanta kuma ba ya yawan magana, shi ne ya zo da mai magani.

Jagora ya ce muna rakiyar ayarin fatake, dare ya yi, sai ga kuraye. Zagaye na farko mun harba mun yi ta ihu. Zagaye na biyu kurayen sun iso jikinmu, domin ba wanda ya tsaya a gaba ya tare su. A nan dokar da ba mu karanta da kyau ba ta kama mu: in abokin gaba yana kusa da kai ƙafa 5, kuma da baka za ka harba, sai ka ɗauki marfi, ka mayar, ka sake ɗauka, sannan a yi aiki da ƙaramar lambar. Uku suka faɗi. Maganin da ke hannun mai magani na mutum biyu ne kawai. Maimakon mu ga laifinmu, sai muka hau shi da faɗa wai ya yi nawa, wai bai iya ba. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Mako biyu bai zo ba, ko a aji ba ya kallon inda muke. Mu ne da laifi, kuma mun faɗa masa haka a gaban kowa kafin ya dawo.

Don haka ra'ayinmu shi ne a zaɓi ƙungiya kafin kowa ya taɓa biro. A zauna tare a tambaya: wa zai tsaya a gaba da garkuwa da takobi? Wa zai ɗauki magani? Wa zai riƙa leƙa hanya? Sai an sami waɗannan sannan a yi maganar baka. Cikin mutum biyar maharbi ɗaya ya isa. In an kai shida, to a bar biyu.

Ɗaya daga cikinmu bai yarda ba, kuma ya kawo hujja mai ƙarfi. Ya ce ai a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawakai da yawa, 'yan baka ne ƙarfinsu, kuma sun yi galaba a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Gaskiya ya faɗa. Amma su runduna ce guda mai shugabanni da shiri, mu kuwa mutum biyar ne, kowa yana neman bayan wani ya ɓuya. Wani kuma ya ce wasa ne, me ya sa za a tilasta wa mutum ya riƙe garkuwa alhali baka yake so? Wannan ma mun duba. Muka yanke cewa za a riƙa karɓa-karɓa, duk sabon labari baka ya koma hannun wani. Wanda ya riƙe garkuwa kuma shi ne zai fara zaɓa in an sami ganima, tunda shi ya sha duka.

To in layi ya zo kanka, ga yadda muke ganin ya kamata ka gina maharbinka. Kowane jarumi yana da halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, lura da kwarjini. Dokokin sun ba da lambobi shida da za ka raba musu: 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Ba sai an yi gardama ba, 15 na zafin nama ne, don da shi ake saita kibiya. Inda ake kuskure shi ne 14. Mu huɗun nan duk mun jefa 8 a juriya muna cewa ai ba wanda zai iso mu. Kura ɗaya ta nuna mana. Ka ba juriya 14, ka ba lura 13 don ka riga kowa hango abin da ke zuwa. Ita kuma 8 ka kai ta inda wani a ƙungiyar ya fi ka. In mai garkuwa ƙaƙƙarfa ne, kai ba ka buƙatar ƙarfi. Ka ga ko rabon lambobin ma ba zai yiwu ba sai ka san waɗanda kake tare da su.

Ga ɗan lissafi, ko malamin lissafi zai ji daɗi. Zafin nama 15 yana ƙara maka 2, ƙwarewa ta ƙara 2, salon harbi ya ƙara 2, duka 6 ke nan. In kariyar abokin gaba 15 ce, kana buƙatar marfi mai 9 ko sama. Marafai 12 cikin 20 za su yi maka, wato kashi 60 cikin 100. Amma in ya iso jikinka aka ce ka ɗauka sau biyu, dole duka biyun su yi kyau, sai ya koma kashi 36. Bambancin 60 da 36 ɗin nan mai garkuwa ne yake ba ka shi.

Baka iri biyu ne. Dogo yana kai ƙafa 150 ba tare da matsala ba, gajere kuma ƙafa 80. Mu gajeren muke ɗauka, ba don ya fi ba, sai don rauninsa da dayis mai fuska shida ake lissafa shi, irin na lido, kuma shi muke da shi. Ka sa wuƙa ko gajeren takobi a ƙugu saboda ranar da aka iso ka. Kwarinka kibiya 20 yake ɗauka, kuma ka riƙa soke ɗaya a takarda duk lokacin da ka harba. Akwai wanda muka kama ya harba kusan 30 bai soke ko ɗaya ba, ya san kansa. Bayan faɗa doka ta yarda ka tsinto rabin waɗanda ka harba.

Abu na ƙarshe, ka rubuta layi biyu a kan dalilin da ya sa jaruminka yake tare da waɗannan mutanen. Maharbinmu na yanzu ɗan mafarauci ne da maciji ya sara, mai magani ya cece shi, shi ya sa duk inda mai magani ya tsaya, nan kibiyarsa take tsaro. Wanda ya rubuta haka shi ne wanda ya fi kowa ɗaga murya ranar kuraye.

Za mu fara sabon labari ranar Alhamis in an fita tara. Muna da wuri ɗaya, mace ko namiji, aji ɗaya zuwa uku. An riga an ɗauki baka. Garkuwa ce ta rage, ka zo da biro da falle ɗaya na takarda.

Daga 'yan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida