Sauƙin Tabar Lantarki, Na Wane Ne?

Duk wanda ya ratsa titunan Sabon Gari bayan magariba, ko ya gifta wasu majalisun samari a Fagge, ba zai rasa ganin saurayi riƙe da wani ɗan abu mai kama da alƙalami ba, yana zuƙa yana busar da farin tiriri mai ƙamshin mangwaro ko na na'a-na'a. Wannan ita ce tabar lantarki. In aka yi masa magana, amsarsa a shirye take: ai ba sigari ba ce, kuma likitocin Turai ma sun ce ta fi sigari sauƙi. Akwai gaskiya a maganar, kuma wannan guntuwar gaskiyar ce take yaudarar yara.

Sigari ƙonewa take yi. Zafin bakinta yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas yayin zuƙa, hayaƙinta kuma yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, waɗanda kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Ita kuwa tabar lantarki batir ne yake ɗumama wata 'yar waya, wayar ta mayar da ruwan da ke ciki tiriri. Ruwan gaurayen gilisarin ne da kayan ƙamshi da nikotin. Da yake babu ƙuna, babu kwaltar nan da ke toshe huhu. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera ta a 2003, kuma shi kansa mashayin sigari ne mai neman mafita. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarta ta gaza ta sigari da kashi 95 cikin 100. Ƙiyasi ne na masana, wasu masanan kuma sun yi jayayya da shi, amma har gobe shi 'yan kasuwa suke kafa hujja da shi.

To, amma da me aka auna ta? Da sigari. Magidancin da ya shekara ashirin yana busa kwali guda kullum, in ya bar sigari ɗungurungum ya koma tabar lantarki, ya rage wa huhunsa dafi. Ɗalibin aji biyar na sakandare kuwa, wanda bai taɓa sa kara a baki ba, ba shi da wani dafi da zai rage. Shi da iska mai tsabta ya kamata ya auna.

Nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai kawo jin daɗi. Da an maimaita, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan guraben da nikotin ke sauka a kansu, daga nan kuma mutum ba ya samun sukuni sai ya zuƙa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa jaraba ta fi saurin kama matashi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, amma tsalle dubu ba ya fid da shi. Tiririn ma ba na tukunya ba ne: an samu burbushin ƙarafa irin su nikel a cikinsa, da sinadarin fomaldehaid idan wayar ta yi zafi ainun. A tuna kuma, an shafe shekaru aru-aru ana shan taba kafin Doll da Hill su nuna alaƙarta da dajin huhu a 1950. Tabar lantarki kwanan nan ta haura shekara ashirin da haihuwa.

Abin da ya faru a Malesiya ya isa ishara. Majalisar fatawa ta ƙasar ta haramta ta a 2015, duk da haka masu zuƙarta cikin manya suka tashi daga kashi 0.8 cikin 100 a 2011 zuwa kashi 5.8 a 2023, galibinsu maza. Da yawansu ma ba su bar sigarin ba, haɗa biyun suke yi. Sai a 2024 aka fara aiki da dokar da ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba.

A Nijeriya, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 sigari, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Wanda ya san teburan bakin Kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari ya san inda dokar ta tsaya. Saboda haka nauyin ya dawo aji. Malamin da ya gaya wa ɗalibai cewa tabar lantarki da sigari duk ɗaya ne, wayar hannu za ta ƙaryata shi kafin a tashi makaranta, kuma ba za su sake yarda da shi ba. Gara ya faɗi sauƙin yadda yake, ya faɗi mai sauƙin, sannan ya zana musu hanyar nikotin daga huhu zuwa ƙwaƙwalwa a kan allo. Ya kuma sanar da iyaye cewa wannan tabar ba ta barin wari a riga, ƙamshin alewa take bari.