Tsakanin Ƙwadago da Gwamnati: Ina Matsayin Alƙawari?

Ya 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, wani ɗalibina ma'aikacin gwamnati ya tambaye ni ko ya halatta ya shiga yajin aiki. Na ce masa sai mun fara duba abin da ke kai mutane ga yajin.

Mu ɗauki misalin 2024. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi mafi ƙaranci na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ya daina riƙe gida. Ƙungiyoyin NLC da TUC suka buɗe ciniki da naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000. Aka yi ta ja-in-ja har ranar 3 ga Yuni, inda aka tsunduma yajin aiki, aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa. A ƙarshen Yuli Shugaba Tinubu ya sa hannu kan 70,000, da sharaɗin sake dubawa duk bayan shekara uku.

Ni cinikin bai dame ni ba. A fiƙihu aikin gwamnati ijara ce, kuma ijara ba ta inganta sai an san lada an san aiki. Ko Annabi Musa (AS), kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, sai da suka yanke wa'adi da dattijon Madyana: shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. To don ma'aikata sun haɗa kai sun ce ladan bai isa ba, ban ga laifinsu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan sa hannu. Yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ƙulla da ASUU a 2009 tana cikin dalilan rufe jami'o'i wata takwas a 2022, shekara goma sha uku bayan an sha hannu an ɗauki hoto. Alhali Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta buɗe, kuma Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago ya hana shi ladansa, Allah da kansa ne abokin shari'arsa ranar ƙiyama. Wanda ya sa hannu yana sane ba zai biya ba, yaudara ya yi.

Sai dai ƙungiyoyin ma akwai gyara. In an kashe wuta ko an rufe asibiti, mai janareta da kuɗin fita waje bai ji komai ba. Mai naƙuda da mai sayar da ƙanƙara su ke ɗanɗana kuɗarsu. (Mu malaman Islamiyya kuwa, da ba mu da ƙungiya, ko a teburin ba a ambatonmu.)

Don haka na ce wa ɗalibin nawa: in an saɓa yarjejeniya, an bi matakan sulhu sun ci tura, ya shiga yajin, matuƙar ba rai ne a hannunsa ba. Amma ranar da aka koma, ƙarfe takwas ta same shi a ofis, domin shi ma ya sa hannu.