Ba Laifin Sankira Ba Ne

Ga wata mas'ala wadda ta cancanci a tsaya a kanta, watau abin da ya sa jam'iyyar da ke riƙe da mulki takan sha kaye, alhali kuwa gidan rediyo nata ne, jarida tata ce, mawaƙa da maroƙa duk suna bayanta. Duk sa'ad da aka yi irin wannan kaye jawabin manyan jam'iyya ɗaya ne. Wai an yi aiki amma ba a iya faɗa ba, wai talakawa ba su fahimta ba, wai da an ƙara masu shela da ba a faɗi ba. Uzuri ne mai daɗi ga wanda ya faɗi, domin yana ɗora laifi bisa sankira ya ƙyale mai gari. Amma tarihi bai gaskata shi ba, a nan birnin Kano ko a nesa.

A fara da nesa, don can ne aka fi ƙidaya abin. A ƙasar Amurka shugaba shekara huɗu yake yi, amma kowace shekara biyu akan sake zaɓen dukan kujerun Majalisar Wakilai, su 435, da kashi ɗaya cikin uku na Majalisar Dattawa. Saboda haka shugaba yana tsakiyar wa'adinsa sai a kai jam'iyyarsa gaban jama'a. Daga 1946 zuwa 2022 sau biyu tak jam'iyyar shugaba ta ƙara kujeru a Majalisar Wakilai a irin wannan zaɓe, a 1998 da 2002. A 1994 jam'iyyar Bill Clinton ta rasa kujera 54, a 2010 ta Barack Obama ta rasa 63. Mutanen nan biyu kuwa ko maƙiyansu ba su taɓa zarginsu da rashin iya magana ba. In da fasaha ce maganin kaye, da su ne za su fara tsira.

Sababin a bayyane yake. Wanda nasa ya hau mulki yakan koma harkarsa hankali kwance, ranar zaɓe ya ce ai an riga an gama. Wanda nasa ya faɗi kuwa da ɓacin rai yake kwana, tun asuba yana kan layi. Har wa yau akwai 'yan majalisa waɗanda ba don kansu aka zaɓe su ba, albarkacin sunan shugaba suka ci, kamar yadda kalmar "sak" ta ɗauki mutane da yawa a Arewa a 2015 albarkacin Muhammadu Buhari. Ran da babu wannan suna a takardar ƙuri'a sai kowa ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya fi duka shi ne, bayan shekara biyu mai mulki ba alkawari yake sayarwa ba, kayan da aka riga aka kai gida aka yi amfani da su ne ake yi masa hisabi a kai. Dillali a kasuwar Kurmi yana iya sayar wa baƙo turmin atamfa da daɗin baki sau ɗaya. In baƙon ya komo, atamfar ce za ta yi magana, ko ta zuba a wanki ko ba ta zuba ba. Gani ya kori ji.

A Nijeriya babu zaɓen tsakiyar wa'adi, a yawancin jihohi gwamna da 'yan majalisa tare suke shiga tare suke fita. Amma hukuncin ana yanke shi a tsakiyar wa'adin duk da haka, a zaure da majalisar ƙofar gida da rumfar kasuwa, a rubuta a ajiye kamar bashi, sai ranar zaɓe a zo karɓa. Babu misalin da ya fi na Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi.

Rimi ya hau gwamnan Kano a watan Oktoba na 1979 ƙarƙashin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Ba a yi gwamna mai kaifin harshe kamarsa ba a wannan jiha, kuma ba harshe kaɗai gare shi ba. Ya soke haraji da jangali, abin da talakawa suka yi shekaru suna kuka a kansa tun zamanin En'e. Ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ya kai wutar lantarki ƙauyuka. Ta fannin isar da magana kuwa, a zamaninsa aka kafa kamfanin jaridar Triumph, wanda ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, aka kuma kafa gidan talabijin na jiha. To, wannan mutum ba za a ce ya rasa aiki ba, ba kuwa za a ce ya rasa sankira ba.

Amma a tsakiyar wa'adinsa abu biyu suka faru waɗanda suka fi dukan jawabansa ƙara. Na farko, jam'iyyar ta rabe gida biyu, 'yan Taɓo tare da Malam Aminu, 'yan Santsi tare da Rimi da Alhaji Balarabe Musa na Kaduna. Ko wane ne ke da gaskiya a gardamar, abin da mutumin Gwammaja ko Dala ya gani shi ne almajiri ya ja da malaminsa, wannan kuwa abu ne da birni irin Kano ba ya haɗiyewa da sauƙi. Na biyu, a farkon watan Yuli na 1981 gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ran Jumma'a 10 ga watan gari ya yamutse, aka ƙone gidan rediyon Kano da ofishin Triumph da waɗansu ma'aikatu, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mashawarcin gwamna kan siyasa. Wannan ta'asa ce wadda babu uzuri gare ta, kuma jinin bawan Allah nan bai halatta ga kowa ba. Abin lura ga mas'alar da ake ciki shi ne, takarda guda ta isar da saƙo cikin kwana kaɗan fiye da yadda rediyo ya isar cikin shekara biyu. Magana zarar bunu ce, ta mai mulki kuwa ba da baki kaɗai take fita ba, kowace takarda da ya sa wa hannu magana ce.

Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Rimi ya ajiye mulki ya shiga NPP, jam'iyyar Dokta Azikiwe, ya nemi komowa ƙarƙashinta. Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP, wanda bai yi ilmin boko mai zurfi ba, 'yan boko kuma suna yi wa Turancinsa dariya, shi ya kayar da shi. Gaskiya ne zaɓen 1983 an yi ƙorafi a kansa a ƙasa duka, gaskiya ne kuma juyayin rasuwar Malam ya taimaki mai riƙe da tutarsa. Duk da haka hukuncin ya tabbata, tuta ta zauna, wanda ya yi mulki da ita shekara uku da rabi ya tafi.

Kada a ɗauka cewa magana ba ta da amfani a siyasa. Tana da shi ƙwarai, amma ga wanda ke waje. NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950 ba ta da baitulmali, ba ta da 'yan doka, kalmar "Sawaba" ce jarinta, da waƙa, da lacca a fili. Madinka da maƙera da ƙananan fatake da malaman zaure suka ɗauke ta, har Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a 1959. Wanda ke waje yana faɗin ciwon da mutane suka riga suka ji a jikinsu, don haka ba ya bukatar shaida. Wanda ke ciki yana cewa ciwon ya warke, mai ciwon kuwa yana zaune yana ji.

A 2003 haka ta faru ga Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP, tsohon malamin makaranta Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da shi, da guguwar Buhari da batun shari'a. Malam Shekarau ya yi wa'adi biyu, shi ne na farko da ya sami haka a Kano, amma a 2011 ɗan takarar jam'iyyarsa ya faɗi, wanda aka kayar a 2003 ya komo. Cikin shekarun nan ne gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano, aka sami waɗanda ake kira sojojin baka, kowane gida da nasa, kowane dare ana yabo ana suka. Yawansu bai taɓa hana mai faɗuwa faɗuwa ba.

'Yan kasuwa ba su bukatar a tuna musu farkon 2023. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi aka ce a mayar, sababbi ba su wadata ba. Mutum yana da kuɗi a banki ba shi da na cefane. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau ciniki ya tsaya cik, mai kayan gwari yana kallon tumatirinsa yana ruɓewa don mai saye ba shi da tsabar kuɗi. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya fito fili ya soki tsarin, jihar Kano ta shiga ƙara a Kotun Ƙoli, kotun kuwa ta yanke ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Wannan bayani ne na gaskiya, an kuma yi shi da ƙarfi. Amma wanda ya wuni a ƙofar banki bai tsaya rarrabe Abuja da Kano ba, tsintsiya ya gani can, tsintsiya ya gani nan. Ba wannan ne sababi kaɗai ba, domin tun 2019 jar hula ta kusa karɓar mulki, sai da aka yi zaɓen raba gardama, kuma raba masarautar Kano gida biyar a 2019 da sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ran 9 ga Maris 2020 suna nan rubuce a littafin bashi na waɗansu mutanen birni. Ran 18 ga Maris 2023 Injiniya Abba Kabir Yusuf na NNPP ya sami ƙuri'a 1,019,602, Dokta Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya sami 890,705. Tazarar ta wuce dubu 128, a jihar da gwamnati ke da rediyonta da talabijin ɗinta, waƙoƙinta kuwa har yara sun haddace su.