A Koya Wa Masu Naɗa Kwayil Sabuwar Fasaha

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga gwamnatin Jihar Jigawa kan wani abu da ke ci wa ƙananan 'yan kasuwa tuwo a ƙwarya a Birnin Kudu da Gwaram.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara da manomin rani duk sun karkata ga sola, tunda wutar KEDCO ba ta da tabbas. To amma a cikin akasarin inbata da caja akwai wata 'yar taransifoma, wato wayar jan ƙarfe da aka naɗe a jikin baƙin dunƙule mai ɗaukar maganaɗisu. Idan wayar ce ta ƙone, da sauƙi, masu naɗa kwayil za su sake ta da hannu. Idan kuwa dunƙulen ya tsage, ko robar da ake naɗa wayar a kai ta narke, sai a nufi Sabon Gari a Kano. A can ma sau da yawa sai a ce maka babu irinta, sayi sabon inji. Kuɗin mota ya tafi, cinikin kwana biyu ya tafi.

Yanzu akwai na'urar da ake kira firinta 3D. Ita ba rubutu take bugawa ba, kaya take ginawa, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar yadda mai ginin tukwane ke ɗora yumɓu har tulu ya tashi. A 2016 masana a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka sun gina maganaɗisu da irin wannan na'ura, a jami'ar Virginia Tech kuma an gwada gina dunƙulen taransifoma da kwaɓaɓɓen garin ƙarfe.

Sai dai kada wani ɗan kwangila ya rufe mu da daɗin baki. Dunƙulen nan bayan an gina shi sai an gasa shi a wuta mai zafin ɗaruruwan digiri, kuma akasari bai kai na masana'anta inganci ba tukuna. Wannan ba aikin rumfar kasuwa ba ne. Wanda ya ce zai kawo mana injin da zai riƙa fitar da taransifoma sukutum, a riƙe aljihu.

Robar kuwa, da murfi, da sauran ƙananan maƙalai, ƙaramar firinta ta kan tebur tana yin su yau ɗin nan, kuma batirin sola ya isa ya tashe ta. A nan ya kamata a fara.

Don haka ina roƙon gwamnati ta haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Dutse da Jami'ar Tarayya ta Dutse, a sa irin wannan na'ura a Birnin Kudu, wata a Gwaram. Kuma don Allah a ɗauko yaran masu gyaran rediyo da masu naɗa kwayil, waɗanda hannunsu ya san waya, ba 'ya'yan manya da za su karɓi alawus su ɓace ba. A ɗauki malamin da zai zauna da su, a tanadi kuɗin zaren roba na shekara guda, don kada na'urar ta ƙare a ofis ƙura ta rufe ta.

Ina fata wakilanmu a majalisar dokoki ta Dutse za su ɗauki maganar nan.

Naka,
Mai karatu,
Birnin Kudu, Jihar Jigawa.