Murya Tata, Basira Ta Wa?

Ƴan uwa masu karatu, yau batun mawaƙa mata muke tafe da shi, da irin riƙon da masu raba kyauta ke yi musu a ƙasashen Turawa. Wani zai ce mi ya haɗa mu da su, ga gona ga kasuwa na jiranmu? Abin da ya haɗa mu shi ne waƙoƙinsu sun cika radiyo da salular ƴaƴanmu, kuma duk halin da anka nuna ma mace a can, ana kawo mana shi nan da sunan ci gaba. In kaya ya zo daga nesa, kyawonshi a kwance shi a duba kafin a saya.

A fagen kokowa, wanda ya kada kowa shi ke ɗaukar takobi. Ba a doguwar gardama, don wanda ya faɗi, ƙasa ta shaida. Waƙa ba haka take ba. Mutane ne ke zama su ce wagga ta fi waccan. Mutanen nan kashi biyu ne. Akwai ƴan jarida masu sharhi, waɗanda ke sauraren faifai su yaba ko su kushe. Akwai kuma masu jefa ƙuri'a a gasar shekara shekara. A Amurka babbar kyautar ita ce Grammy, wadda anka fara rabawa a 1959. A Ingila akwai Brit, a Faransa akwai Victoires de la Musique. Wanda ya samu, faifanshi ya ƙara kasuwa, kuɗin gayyatarshi ya tashi, sunanshi ya shiga littafin tarihi. Kun ga ke nan batun abinci ne da mutunci.

Ga ƙarar da nike kawowa gabanku. Alƙalan nan sun yarda mace na da murya. Sun yarda tana kawo kuɗi, don da kuɗinta suke cika aljihu. Abin da sunka daɗe suna ƙin yarda da shi, shi ne kanta ne ya yi aikin.

Mu fara da bikin Grammy na watan Janairu 2018. A daren nan, cikin duk kyaututtukan da anka nuna a tele, mace guda tak ta hau ta karɓi kyauta ita kaɗai, Alessia Cara. A gasar waƙar zamani ta mutum ɗaya, wadda suke kira pop, mata huɗu ne da namiji ɗaya. Namijin, Ed Sheeran, shi anka ba, alhali bai ma zo wurin ba. A gasar faifan shekara, mafi girma duka, mace ɗaya ce cikin biyar, Lorde, kuma ba a ba ta fili ta yi waƙa ita kaɗai ba. Da ƴan jarida sunka tambayi shugaban hukumar, Neil Portnow, sai ya ce matan ne ya kamata su yunƙuro su ƙara himma.

Ku duba wagga magana! Ka rufe ƙofar rumbu, ka sa makulli aljihu, sa'annan ka ce mai jin yunwa rago ne. A cikin watan nan ne masu bincike na wata jami'a ta Kalifoniya sunka fiddo lissafi. Daga 2013 zuwa 2018, cikin mutum 899 da anka sa takarar manyan kyaututtukan Grammy biyar, mata kashi 9 ne bisa 100 da ɗan ɗoriya. Sun kuma duba waƙoƙi 600 da sunka fi kasuwa: mata kashi 12 bisa 100 cikin marubutan waƙa, kashi 2 bisa 100 cikin masu tsara kiɗa.

Wanga kashi 2 shi ne bakin zaren. Mai tsara kiɗa shi ne kamar magini: shi ke cewa a sa ganga nan, a rage goge can, a maimaita wanga baiti. Shi masu sharhi ke kira gwani. Grammy na da kyauta ta musamman don mai tsara kiɗan zamani, kuma har zuwa 2025 babu mace ko ɗaya da ta taɓa ɗaukar ta. An sa Janet Jackson takara, an sa Sheryl Crow, an sa Lauryn Hill, an sa Linda Perry. Dukansu sun koma hannu wofi. Za a ce ai matan ba su da yawa cikin sana'ar. Gaskiya ne. Amma ku ji abin da ke faruwa da wadda ta shiga.

Björk, mawaƙiya ce ta ƙasar Aisilan. A 2015 ta faɗi yadda ta yi faifanta na 2001. Ta ce shekara uku ta yi tana haɗa kiɗan da hannunta, kashi 80 bisa 100 aikinta ne. Waɗansu maza biyu sunka zo a makonni biyu na ƙarshe sunka taimaka. Da faifan ya fito, jaridu sunka rubuta cewa mazan ne sunka yi kiɗan. Su kansu mazan sun yi ta cewa ba haka ba ne, ba wanda ya saurare su. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

A Janairu 2022, wani mawaƙin Ingila, Damon Albarn, ya ce ma wata jarida ta Amurka wai Taylor Swift ba ita ke rubuta waƙoƙinta ba. Matar nan kuwa tun 2010, tana da shekara 20, ta fiddo faifai guda wanda duk waƙoƙin cikinshi ita kaɗai ta rubuta su. Ta maida mashi amsa, ya ba da haƙuri. To amma mi ya sa tun farko bakinshi bai yi nauyi ba? Don ya san akwai kunnuwa da yawa da ke shirye su yarda.

Yanzu ku juya tabarmar. Elvis Presley, wanda Amurkawa ke kira sarkin waƙa, waɗansu ne ke rubuta mashi. Frank Sinatra ma haka. Ba wanda ya ce su ba gwanaye ba ne, cewa anka yi sun iya zaɓe, sun iya rerawa. In namiji ya yi aiki da mataimaka, sai a ce shugaba ne mai iya tara mutane. In mace ta yi haka, sai a ce ƴar tsana ce, wani ke juya ta. Mudu biyu ke nan a kasuwa ɗaya: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ko a kasuwar ƙauye, wanda anka kama da haka ya san abin da ke jiranshi.

Daga ina wanga mudu ya fito? Wani dattijo ya tona asirin da bakinshi. Jann Wenner na cikin waɗanda sunka kafa Rolling Stone a 1967, mujallar da ta yi shekaru tana yanke hukuncin wa ya iya waƙa a Amurka. Yana kuma cikin waɗanda sunka kafa gidan tarihin da ake shigar da manyan mawaƙa. A Satumba 2023 ya fiddo littafin hirarraki da waɗanda ya kira gwanaye. Su bakwai ne, duka maza, duka farar fata. Ɗan jarida ya tambaye shi ina mata? Sai ya ce babu wadda ta iya bayani mai zurfi yadda yake so. An fidda shi daga hukumar gidan tarihin nan take, shi ma ya ba da haƙuri. Amma ku lissafa: shekara nawa mai wanga tunani ya yi riƙe da sikeli? Mata nawa anka auna da shi? Ba mamaki rukunin farko da anka shigar gidan a 1986 babu mace. Sai a 1987 anka tuna da Aretha Franklin.

Wurin horo ma mudun biyu ne. A Fabrairu 2004, wajen wani babban wasan ƙwallo na Amurka, Janet Jackson da Justin Timberlake na waƙa tare, sai shi ya fizge wani gefe na rigarta, ƙirjinta ya bayyana gaban miliyoyin masu kallo. Abin kunya ne, ba mai musu. Amma su biyu ne bisa dandalin, kuma hannunshi ne ya ja rigar. Bayan kwana bakwai anka yi bikin Grammy. Shi ya zo, ya karɓi kyauta biyu. Ita ba ta taka wurin ba, gidajen radiyo da tele da yawa sunka daina sa waƙoƙinta. Sai a 2021, bayan shekara 17, ya fito ya roƙi gafararta.

In mace baƙar fata ce, kayan sun zama biyu. Babu mahaluƙin da ya kai Beyoncé yawan kyautar Grammy, tana da 35. Amma faifan shekara, sau huɗu ana sa faifanta takara ana ba wani: 2010, 2015, 2017 da 2023. A 2017 wadda anka ba, Adele, ta tsaya gaban taro ta ce Beyoncé ce ta cancanta. Yawancin kyaututtukan da ake ba ta na ƙananan rukuni ne, inda ake tara kiɗan baƙaƙe. Wato ki ci, amma a zaure, ban da cikin gida. Sai a 2025 ta samu. Rabon da baƙar mace ta ɗauki wagga kyauta tun Lauryn Hill a 1999, shekara 26 ke nan.

A Faransa kuwa ga Aya Nakamura, haifaffiyar Bamako, ɗiyar gidan maroƙa. Waƙarta Djadja ta 2018 ta zo ta ɗaya a Holand, abin da wata mawaƙiyar Faransa ba ta yi ba tun zamanin Edith Piaf. Duniya na rera faransanci da bakinta, masu sharhi na gida na cewa wai ba faransanci take yi ba. Sai a 2024 Victoires ta ba ta kyautar mawaƙiyar shekara. A shekarar nan, da anka ji za ta yi waƙa a buɗe wasannin Olimpik, waɗansu masu ƙin baƙi sunka ɗaga ƙyalle suna ce mata nan Pari ne, ba kasuwar Bamako ba. Ran 26 ga Yuli ta fito ta yi waƙarta, makaɗan sojan ƙasar na busa mata.

Na san abin da za a ce mani. Za a ce ai Taylor Swift ta ɗauki faifan shekara sau huɗu, abin da babu namijin mawaƙin da ya yi. Za a ce a 2024 mata ne sunka kwashe manyan kyaututtukan Grammy huɗu duka. Haka ne, kuma muna murna. Amma a tambayi dalili. Shin matan 2024 sun fi na 2018 murya ne? Ko himmar da Portnow ya ce su ƙara ce sunka ƙara? Bayan abin kunyar 2018 mata sun tada ƙura, shugaban ya sauka a 2019, hukumar ta shigo da dubban mata cikin masu jefa ƙuri'a, a 2021 kuma ta rushe kwamitocin ɓoye da ke tace sunayen ƴan takara. Da alƙalai sunka sake, hukunci ya sake. Wanga shi ne babbar shaida cewa tun can laifin na wurin masu sikeli.

Kuma kada a saki jiki. A Ingila, hukumar Brit ta ce daga 2022 babu sauran kyautar namiji daban ta mace daban, kowa ya shiga fage ɗaya. Magana mai daɗin ji. A 2023 anka fiddo ƴan takarar gwanin shekara: biyar, duka maza. Da surutu ya yi yawa sai anka maida su goma. A 2024 Raye ta kwashe kyauta shida a dare ɗaya. Ita ce matar da ta ce kamfaninta ya riƙe ta shekara bakwai bai bar ta ta fiddo faifai ba, har sai da ta bar shi ta yi da kanta. Nawa ne irinta da ke can tsare, waɗanda alƙali ba zai taɓa jin muryarsu ba? Gasa ta fara lalacewa tun daga ƙofar kamfani, kafin a kai ga ƙuri'a.

Abin da ya kamata a yi ba ya da wuyar faɗi. A zauna rabi da rabi bisa tabarmar alƙalai. A rubuta sunan wanda ya yi aiki bisa faifai, ɗan jarida kuma ya karanta kafin ya ɗauki alƙalami. A auna waƙar mace da abin da ke cikin waƙar, a bar batun shekarunta da mijinta da ƙibarta, tunda ba a tambayar namiji waɗanga abubuwa. Ba alfarma ake roƙo ba. Wadda waƙarta ba ta yi daɗi ba, a faɗa mata, kamar yadda za a faɗa ma namiji.

Mu ma kada mu yi dariya da yawa, don laifi tudu ne. Namiji in ya yi suna da waƙa, sai mu ce fasihi ne, Allah ya ba shi. Mace in ta yi, kalmar zabiya muke jefa mata da ɗan yatsine, sa'annan mu tambaya wa ke tsara mata. Alhali waƙar daka, da ta niƙa, da ta reno, da ta gaɗa, ba wani namiji da ya rubuta ma iyayenmu mata su. Da kansu sunka ƙaga, suna aiki suna rerawa. Duk wanda ya tashi da waɗanga waƙoƙi a kunne ba ya da hujjar shakkar basirar mace.

Don haka in kun ji an ce wance ta ci kyauta ko ta faɗi, ku tambaya su wa sunka zauna alƙalanci, kuma da wane mudu sunka auna. Allah shi ba mu ikon ba mai haƙƙi haƙƙinshi, amin.